Layin da Ya Yi Ciki

Litinin, 5 ga Maris, bayan azahar

Na gama duba zanen 'yan aji biyu, raina a ɓace. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da zanen injiniya a wannan kwaleji ta Wurno. Na ga raggaye, na ga masu riƙe fensir kamar fartanya, amma ban taɓa ganin aji guda cur ya kasa ja layi miƙaƙƙe ba. Duk layi mai tsawo sai ya yi ciki a tsakiya, ya ɗan fita dama, sannan ya dawo hanya kamar bai yi komai ba.

Ni ba na duba zane a shimfiɗe kan tebur irin na malaman yanzu. Ɗaga takarda nake daidai fuska, in rufe idon hagu, in bi layin da na dama tun daga gindinsa har ƙarshe, yadda kafinta ke duban katako. Haka aka koya mini, kuma layi bai taɓa ɓoye mini laifinsa ba.

Wanda ya fi ba ni haushi Mu'azu Tursa. Hannu irin nasa sai a yi shekaru ba a samu ba. Kuma ba yaro ba ne, magidanci ne da iyali, mahaifinsa ya ɗauke masa aikin fadama don ya yi karatun nan. Masu aikin noman rani na Goronyo sun ce za su ɗauki waɗanda suka fita bana su riƙa zana musu hanyoyin ruwa, sunansa na fara ba su. In ya faɗi darasina, gurbin ba zai jira shi ba. Ya san haka sarai. To mi ya shiga kansa?

Talata, 6 ga Maris, da hantsi

Na mayar musu da takardunsu, kowace da jan fensir inda cikin yake. Sai da aka watse Mu'azu ya dawo ya rusuna gefen teburina.

"Allah shi gafarta Malam, so nikai a gwada min inda yat tanƙware. Na duba, na koma dubawa, ban gani ba."

Na ɗaga takardar, na rufe ido, na ɗora yatsa a wurin. Na ce, "Ga shi nan awa cikin akuya. Kai da ido biyu ba ka gani ba, ni da guda na gani."

Ya daɗe yana kallon inda yatsana yake. Sannan ya ce, "To, Malam." Wannan "to" ɗin ba ta kwanta mini ba.

Alhamis, 8 ga Maris, bayan la'asar

Na gano bakin zaren, ko ina jin na gano. Na karɓi rular Mu'azu na ɗora kan layinsa, suka zauna daidai da daidai. Na ɗaga rular ita kaɗai na duba ta, sai ga ciki. Ashe rula ce ta lalace. Na shiga sito na fiddo duk rulolin da muke da su, na roba da na katako da ta ƙarfen nan guda da nake ɓoyewa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duka. Zafin bana ba wasa ba ne, ɗakin zane kuma kwano ne ba silin.

Na je na gaya wa shugaban sashenmu, Malam Ƙasimu. Ɗalibina ne a da, yanzu shi ke sa hannu a takardun hutuna.

Ya ce, "Har da ta ƙarhen, Malam?"

Na ce, "Dut."

Ya dube ni, ya dubi bango, ya ce, "Za a duba."

Ɗalibai kuwa na ce musu lalacewar rula ba hujja ba ce. Mai zane shi ke da alhakin kayan aikinsa. Kowa ya san yadda zai yi, ni dai layi miƙaƙƙe nake so kafin in ba da maki.

Abu guda ne ya tsaya mini. Ta yaya zafi zai lanƙwasa roba da katako da ƙarfe, duk a tsakiya, duk zuwa gefe guda? Ban gane ba.

Lahadi, 11 ga Maris, da safe

Ciwon kai. Ban buɗe littafi ba.

Talata, 13 ga Maris, bayan azahar

Yau na yi faɗa, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Mu'azu ya kawo mini zanen ƙofar ruwa, irin wanda na soke masa, amma wannan a kwamfuta ya yi shi, ya bugo a takarda. Ba musu ya zo yi ba, shi dai cewa ya yi in duba masa. Na ɗaga, na rufe ido. Ciki, nan inda yake kullum.

Na ɗauki takardar na nufi ɗakin kwamfuta wurin Malam Zayyanu, saurayin da aka kawo bara don ya koya musu zane da na'ura. Ba ni da wani abu da shi. Ni ma nakan zauna ajinsa wani lokaci, ina kallon yadda abu ke juyawa a gilashi, gaba da sama da gefe duk a lokaci guda, abin da ni sai na ci alli rabin kwali kafin in nuna. Amma na sha gaya masa, wanda bai iya da hannu ba, na'ura ɓoye masa jahilci kawai za ta yi.

Na ajiye masa takardar na ce, "Dubi abin da na'urarka ka koya musu."

Ya duba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, kwamhuta ba ta da hannu balle shi yi rawa. Ɗigo biyu aka ba ta, ta haɗa su."

"To injin bugawa na."

"Sabo na, Malam."

"Sabo ba shi ɓaci?"

Ɗalibai sun daina danne-danne suna kallonmu. Ya ce, "Za mu sa a duba shi."

Kowa za a duba, za a duba. Ba wanda ya duba komai a makarantar nan in ba ni ba.

Juma'a, 16 ga Maris, bayan la'asar

A masallacin ƙofar gidanmu ni ke daidaita sahu tun bayan rasuwar mahaifina. Yau na tsaya daga gefe na duba, sai ga tsakiyar sahu ta turo gaba. Na ce dattawan da ke tsakiya su ja baya. Suka dubi juna, suka ja. Da na shiga sahu na ɗan waiga, sai na ga kamar yanzu tsakiyar ta faɗa baya. Ƙila sun ƙara ja ne da na juya. Tsofaffi ba su san kaɗan ba.

A gida matata Ladidi ta kawo mini ruwa ina karatu, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Malam, mi as sa kaka karkata kai in kana karatu, awa kaza ta ga tsaba?"

Na ce wuyana ke ciwo.

Ta ce, "To a tai asibiti a duba wuyan." Ta ja kalmar wuyan fiye da yadda ya kamata. Shekara talatin muna tare, har yau ba ta gaya mini magana kai tsaye.

Litinin, 19 ga Maris, da hantsi

Alhamdulillahi. Faɗa ya yi rana. 'Yan aji biyu sun kawo gyara, layuka sun miƙe sambal, har na masu hannun fartanya. Na tambaye su mi suka yi. Sale, mai zama a gaba, ya ce, "Gyaran Malam munka bi." Wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi. Ba su saba da yabo daga bakina ba.

Don daɗin da na ji, na yi musu darasin da na fi so, na layin da ya jingina. Na ɗauki sanda na jingina ta tana kallonsu, na ce su faɗi tsawonta. Suka ce gajera ce. Na juya ta gefe, suka ga doguwa. Na nuna musu a allo yadda ake juyar da layi a takarda har ya ba da tsawonsa na gaskiya. Har tafi suka yi.

Sai Mu'azu. Shi kaɗai. Duk takardunsa da ciki, kamar ranar farko.

Ya ce, "Malam, sabuwar rula ta, Sakkwato nis sawo ta. Abin da tab ba ni shi nij ja."

Na ce, "Su sauran daga sama rulassu tah hwaɗo?"

Ya dubi Sale, Sale ya dubi taga. Ni na ɗauka taurin kai ne, na wanda aka yaba wa har ya fara jin ya fi malaminsa. Amma fuskarsa ba ta mai taurin kai ba ce. Ban gane yaron nan ba.

Alhamis, 22 ga Maris, bayan azahar

Na miƙa maki. Kowa ya ci, Mu'azu ya faɗi.

Ƙasimu ya biyo ni har ofis da takardar a hannunsa. Ya ce, "Malam, Mu'azu hwa? Ko a ba Malam Zayyanu shi ƙara dubawa?"

Jinina ya hau. Na ce, "Ni nik koya maka riƙon hensir, Ƙasimu." Ya ba ni haƙuri ya fita.

Ƙa'ida ita ce wanda ya faɗi zai tafi da takardunsa ya gyara, ya kawo ranar da kwamitin jarrabawa zai zauna, tara ga wata mai zuwa. Zai fita, amma za a rubuta da gyara ya fita. Mutanen Goronyo kuwa sun faɗa tun farko, ba su ɗaukar mai gyara. Na san wannan lokacin da nake rubuta makin. Ba zan ba layi karkatacce maki don tausayi ba, ruwa za a bi da shi zuwa gonakin mutane.

Ya zo ya naɗe takardunsa, ya ɗaure da zare, ya yi mini sallama da ladabi. Da ya fita bai gaishe ni ba da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 24 ga Maris, da safe

Na yi daidai. Na sake tunani, na yi daidai.

Talata, 27 ga Maris, bayan la'asar

Na kai 'yan aji ɗaya madatsar ruwa ta Goronyo, kamar yadda nake yi duk shekara, su ga abin da muke zanawa a tsaye da ƙafarsa. Muka duba ƙofofin ruwa, suka zazzana a littafinsu. Daga nan muka gangara inda wata doguwar hanyar ruwa ta siminti ta miƙe cikin gonaki. Na tsayar da su a bakinta na ce su ga aikin masu ido. Na rufe idon hagu don in nuna musu yadda ake bi.

Ciki. A tsakiya, zuwa dama.

Na kusa cewa su ma masu ginin sun yi ha'inci. Sai na ɗan ɗaga kaina in dubi can gaba, cikin ya tashi daga inda yake ya koma can gaba. Na sauke kai, ya dawo kusa. Na dubi sandar lantarki da ke gefe, ya hau sandar.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara aikin nan. Na rufe na dama, na buɗe na hagu. Hanyar ruwa ta miƙe tun daga ƙafata har inda ido ya ƙare.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Wata ɗaliba ce ta ce, "Malam, mu rubuta?" Na ce su rubuta. Ban san mi suka rubuta ba.

Rana ce. Ƙyallin ruwa yana yi wa ido haka.

Laraba, 28 ga Maris, bayan asuba

Ba rana yanzu. Gefen ƙofar ɗaki. Igiyar shanya. Bakin tabarma. Da dama duk sun yi ciki, da hagu lafiya lau.

Laraba, da azahar

Ban je makaranta ba. Na ce wa Ladidi wuyan ne.

Juma'a, 30 ga Maris, da hantsi

Na shiga ɗakin zane ba kowa, na buɗe kabad, na fiddo takardun 'yan aji biyu, waɗanda na yaba, waɗanda na ba maki. Na duba su da hagu. Na Sale, na wanda ke bayansa, na kowa. Duk dogon layi ya yi ciki zuwa hagu, ɗan kaɗan, a tsanake, kamar da gangan.

Na aika a kira mini Zayyanu. Ya shigo ya ga takardun a baje, ya tsaya daga bakin ƙofa.

Na ce, "Mi a wanga?"

Ya yi ta juya makulli a hannunsa. Da na matsa masa ya ɗauki rular roba ya ɗora kan takarda, ya danne bakinta biyu, ya sa babban yatsa ya tura tsakiyarta kaɗan har ta lanƙwasa.

"Haka suka yi, Malam. Sun lura kullum wuri guda jan hensir ka hwaɗawa, kuma gehe guda. Sai sunka riƙa tura ta ɗayan gehen. In Malam ya ɗaga, sai ta miƙe mai."

"Mu'azu hwa?"

"Sun gwada mai. Yac ce shi ba ya iyawa."

Na tambaye shi wa da wa suka sani. Ya ce, "Malam..." ya sunkuyar da kai. Na ce tun yaushe. Ya ce tun ranar rular ƙarfe.

Na ce, "To mi ah hana ku hwaɗa min?"

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da ya shigo. Ya ce, "Wa ka hwaɗa ma Malam?"

Na so in yi fushi da shi, na rasa ta inda zan fara. Gidanmu gidan malamai ne tun kakanni, a garin nan ba a mayar mana da magana, ni kuma na ƙara da nawa halin. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na tuna dattawan da na ja baya a sahu, suna ja suna duban juna.

Litinin, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Sakkwato, wurin likitan ido. Na ce wa makaranta ta'aziyya za ni.

Ya ba ni wata takarda mai layuka kamar raga, ya ce in rufe ido guda in kalli ɗigon tsakiya. Ya ɗiga mini magani, ya haska, ya daɗe yana leƙe. Ya faɗi sunan abin da Turanci, ya ce a can bayan idon yake. Ba zan rubuta sunan ba. Na tambaye shi ko tabarau zai gyara, ya ce ba irin wannan ba ne. Na tambaye shi na hagun fa. Ya ce yanzu dai lafiya. Na ce yanzu dai kamar yaya? Ya ce in riƙa zuwa ana dubawa.

Yana rubutu ya tambaye ni aikin da nake yi. Da na gaya masa sai ya ajiye biro.

Laraba, 4 ga Afrilu, bayan azahar

Na je ofishin Ƙasimu na rufe ƙofa. Ban yi dogon bayani ba, shi ma bai yi kamar ya yi mamaki ba. Na tambaye shi yadda za a mayar wa Mu'azu makinsa.

Ya ce, "Hanya guda ta, Malam. Wanda yab ba da maki shi tashi gaban kwamiti shi ce kuskure nai na, shi hwaɗi dalili. Sannan a sake duba aikin na hwarko. Amma Malam ya san abin da ka biyowa. Ba su ƙara barin ka ka duba zane. Ƙila su ce ka koma ohis, ƙila su ce ka huta."

Ya rage murya. "Ko kuma a bar ta haka nan. Mu'azu shi kawo gyara, shi hita. Malam shi koma dubawa da hagu. Wallahi ba mai ɗaga maganar, ni na ɗauki wannan."

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Na fito ina jin kamar in gode masa, ina jin kamar in mare shi.

Alhamis, 5 ga Afrilu, da safe

Na hagu yana gani sarai. Na gwada shi da rular ƙarfe, na gwada da zare. Zan iya shekara biyar da shi, ko fiye. Ɗalibai nawa ke nan? Mu'azu mutum guda ne. Zai fita ai, ba korarsa aka yi ba. Yana da fadama.

Mutum guda ne.

Alhamis, bayan la'asar

Na gaya wa Ladidi. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani ba wuya ba na." Can ta ce, "Idon na Allah na, Malam. Ɗan mutane hwa?"

Na ce mata ban kawo mata maganar don ta yi mini shari'a ba. Ta ci gaba da tsintarta. In ban shiga ɗakin zane ba, ina za ni da safe? Ban san wani aiki ba. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan.

Asabar, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Na tafi Tursa. Mota zuwa Rabah, daga nan kabu-kabu, babur na haya. Na gaya wa kaina zan karɓo takardunsa na farko ne kawai in ajiye, ko da za a buƙata. Ban yanke komai ba.

Na same su a fadama suna cirar albasa. Mahaifinsa, Malam Mode, ya bar aiki ya taho da sauri yana goge hannu a riga, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro. Ya yi ta godiya wai na tako da kaina. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri da shi. Ya hwaɗa min shi yab ɓata aikinai. Na ce mai malami ba ya ka da ɗalibi banza." Na ajiye ruwan da aka ba ni ban sha ba.

Mu'azu ya hau keke ya ɗauko takardun daga gida. Ya kwance zaren, ya baje su kan tabarma, ya danne gefensu da albasa don iska. Fuskarsa da fara'a.

"Na gama gyara, Malam. Sale yag gwada min yadda aka yi. Da wuya ta yi min, amma yanzu hannu ya saba. Har na hwara ganin abin da Malam ka gani."

Na ce ina na farkon.

"Ai su na. Ba ni da wata takarda. Gogewa niy yi, nis sake bisansu."

Na ɗauki ta sama na duba da hagu. Ƙofar ruwan nan ce. Duk dogon layi ya yi ciki, kuma ya fi na kowa kyau, don shi ko ɓata abu zai yi sai ya yi shi da tsabta. Ya goge na farkon tas, ba ko inuwa. Na shafa takardar ban san dalili ba, sai yatsana ya faɗa cikin wani ɗan kwari siriri, inda fensirinsa ya taɓa bi. Na rufe ido duka biyu na bi shi da yatsa daga wannan baki zuwa wancan. Bai kauce ko kaɗan ba.

Ya ce, "Sun miƙe yanzu, Malam?"

Na ce, "A'a."

Fara'ar ta ɗauke. Mahaifinsa ya fara cewa a ƙara masa lokaci.

Na ce, "Na hwarkon su am miƙaƙƙu. Ba ka ɓata komi ba, Mu'azu. Idona na. Idon dama ya samu matsala, shi ka lanƙwasa layi. Kai kaɗai kaj ja daidai cikin ajin nan, kai kuma nik ka da."

Injin ban ruwa na wani maƙwabci yana ta bugawa. Malam Mode ya ce, "Subhanallahi, Allah shi ba Malam lahiya," ya sake faɗa, don bai san abin da zai ce ba. Mu'azu ya dubi takardun, ya dubi hannunsa. Na so ya yi fushi. Bai yi ba, ya rikice ne kawai.

Ya ce, "To Malam, wanne zan kawo ran Litinin?"

Na ce ya kawo waɗannan, ya kuma zo da rularsa. Sun cika mini buhu da albasa, na ce ba zan karɓa ba, suka ɗaure shi a bayan babur.

Litinin, 9 ga Afrilu, bayan asuba

Ladidi ta goge mini farar riga ban tambaye ta ba.

Litinin, bayan azahar

Na tashi na faɗa. Ban tuna yadda na jera maganar ba, na dai san na ce idona, na ce kuskurena ne, na ce a sake duba makin ajin duka. Rabin mutanen da ke teburin ni na koyar da su. Ba wanda ya dube ni.

Na nuna musu kwarin fensirin. Wasu suka shafa. Wani daga sashen gini ya ce shi ba zai sa hannu a kan abin da yatsa ya ji ba, a kira ɗalibin ya ja layi a gabansu. Gaskiyarsa ce. Aka kawo allon zane da sabuwar takarda, aka shigo da Mu'azu, aka ce ya zana gefen hanyar ruwa, dogon layi biyu.

Ya manna takarda. Ya feƙe fensir. Ya ɗora rula ya danne bakinta biyu. Ina kallo da hagu, sai na ga babban yatsansa ya tafi tsakiyar rula da kansa ya fara turawa. Shi bai ma sani ba.

Ba a yarda mai ba da maki ya yi wa ɗalibi magana a wurin ba. Na ce, "Mu'azu, ɗage yatsa."

Ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi Ƙasimu, ya dubi yatsan. Ƙasimu ya gyaɗa masa kai. Ya ɗage. Sannan ya ja.

Zayyanu ya auna da rular ƙarfe ya ce daidai. Suka mayar masa da makinsa, ba gyara a kai. Suka ce maganata kuma za a zauna a kanta daban, kafin nan Zayyanu ya riƙe ɗakin zane.

Sannan aka zagaya da takardar kowa ya gani, kamar yadda aka saba. Ta bi hannu hannu har ta iso gare ni. Duk suna jira in ɗaga ta. Na riƙe ta kaɗan, na miƙa wa na kusa da ni.